Tsakuwar Inna

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi da daɗi ba. Duk fadar da na zauna, a Buza ko a Tawa, kafin a sauke kofin farko sai wani ya ce, "Isuhu, wai ina na ma kat tahi?" In na faɗa a ce a ina take, in na ce cikin teku a ce me ya kai ɗan Allakaye cikin teku. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa. Abokina Sahabi, wanda ya fi kowa yi mini dariya, shi zan fara ba.

Abin ya faro ne ina shekara ta uku a jami'a, ina karatun aikin gona. Aka ce waɗanda suka yi ƙoƙari a cikinmu za a tura su wata ƙasa su yi ƴan watanni suna koyon aiki, kuma kowa shi zai zaɓi inda yake so. Akwai Faransa, akwai Beljik, akwai Maroko. Ajin gaba ɗaya ya yi caa a kan Faransa. Sahabi tun ba a ce an ɗauke shi ba ya sayo rigar sanyi, yana yawo da ita cikin zafin Tawa wai yana sabawa. Akwai kuma wata ƙasa da ba wanda ya ko kalle ta, wai ita Cap-Vert, mu a bakinmu Kap-Ber.

Ni kuwa sunan ne ya kama ni. Duk wanda ya zauna a lakwal, makarantar bokonmu ta Faransanci, ya san vert kore ke nan, ni kuma a duniya ba abin da na gaji da shi kamar dutse. Wanda bai san ƙauyenmu Allakaye ba ba zai gane ba. Gonar Babana tana kan tudu, kuma tun ina ƙarami, da rani ya yi sai mu fita tsintar duwatsu, mu jera su layi-layi don su tare ruwan sama kada ya gudu da ƙasar. Mu gama wannan mu koma haƙar tassa, ƴan ramukan nan da ake zuba wa taki a shuka hatsi a ciki. Shekara ta zagayo sai ka tarar gonar ta haifi wasu duwatsun sababbi. Farcen babban yatsan ƙafata bai taɓa cika shekara a jikina ba. To ga ƙasa guda an raɗa mata suna Kore, me zan jira?

Kada ku ce ban bincika ba. Na duba a waya na ga hotuna, teku shuɗi, tsaunuka lulluɓe da ganye, ga ayaba ga rake. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne masu ɗaukar hoton ƙasar ba sa fitowa sai an yi ruwa.

Da na je na gaya wa malaminmu, Mushe Abdu, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Ka san abin da aka koyo can?"

"An ce tattalin ruwa da ƙasa, Mushe."

A raina kuwa cewa nake ruwan ne ya yi musu yawa har suke neman yadda za su yi da shi. Mushe Abdu ya yi murmushi ya ce duk ajin ba wanda ya fi ni dacewa da wurin. Na fito ina ta fara'a, na ɗauka yabo ne.

A gida, tambayar Baba ɗaya ce: "Wa ag gare mu can?" Ɗan yankinmu na Adar ba ya fita biɗa, wato ci-rani, sai inda ɗan garinsu ya riga shi, ya sauka wurinsa, ya ci tuwonsa kafin ya samu abin yi. Baba ya yi shekaru yana zuwa Abijan, yana da abokai daga Duwala har Libiya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, ba wanda ya san ɗan Adar ko ɗaya a Kap-Ber. Wani tsoho ma rantsewa ya yi cewa unguwa ce a Dakar, ya taɓa cin shinkafa a can. Da Baba ya gaji sai ya ce, "To, karatu na, ba biɗa ba. Allah shi tsare."

Wajen Inna ne na yi wauta. Ina zaune tana dama fura, don in burge ta na ce, "Inna, kin san ma'anar sunan ƙasar? Kore. Ko ina ɗanyen haki."

Ta ajiye ludayin a hankali. "Idi ma kore yag gani."

Kawu Idi ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi kurmi tun tana amarya, ya aiko da saƙo cewa ƙasar can ko sanda ka kafa sai ta yi ganye, daga nan bai sake taka Adar ba. Kakata ta rasu tana tambayar duk motar da ta tsaya ko da Idi a ciki. Inna ba ta hana ni tafiya ba, ba ta kuma yi kuka a gabana ba, amma tsoronta a fili yake: kada in ga kore in yi zamana. Gaskiya kuma ba ta yi kuskure ba, don a ƙasan zuciyata na ƙudurta in na samu hanyar zama, zan zauna.

Ranar tafiya, na sa ƙafa waje ke nan ta ce in tsaya. Mutanenmu na da, in mutum zai yi tafiya mai nisa, sukan ɗebi ƙasar sawunsa su ƙulle, wai don ƙafar ta maido shi. Inna ta duƙa tana neman sawuna. Ina sawu zai fito a ƙofar gidanmu, ƙasa duk tsakuwa da fā?

"Ke dai ba ki barin abun ga na mutanen da," in ji Baba. "Addu'a ta isa."

"Na yi addu'ar. Wanga ƙari na." Ta dafa ƙaurina. "Ɗaga ƙahwakka."

Na ɗaga. Ta ɗauki ƴar tsakuwar da diddigena ya taka, ja, ba ta fi ƙwayar gujiya ba, ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce ba za ta kwance ba sai na komo.

Motar kasuwa ce ta kai ni Buza, ni da awaki da buhunan wake, daga nan na samu ta Madawa. A Madawa na yi sayayyar da har yanzu ake mini tsiya a kanta. Tunda ƙasar ruwa za ni, na sayi lema babba, na sayi takalmin roba mai kaiwa gwiwa irin na masu lambun albasa. Na kuma sayi kilishi mai yawa, don ban ga yadda mutum zai ratsa Madawa ya je wa baƙi hannu biyu ba.

A motar Yamai na zauna kusa da wata Hajiya mai fataucin albasa. Da ta ji ƙasar tsakiyar teku take, ta yi salati, ta kama hannuna ta tofa mini addu'a, ta ce in kiyayi ƴan ruwa, musamman in na ga mace mai dogon gashi ita kaɗai a bakin gaɓa. A shingen jandarma wajen Doso, wanda ya karɓi paspor ɗina ya tambaye ni inda na nufa. Da na faɗa sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan ƙwallo na kai?" Na ce a'a, ɗalibi. Ya miƙo mini yana girgiza kai, ya ce shi dai bai taɓa jin sunan ƙasar ba sai a filin ƙwallo.

A filin jirgin Yamai aka ce jakata ta yi nauyi, sai na rage kaya. Ba zan bar kilishi ba, ba zan bar littattafai ba. Sai na ciro takalmin robar na sa a ƙafa, na jefa silifas ɗina a ciki. Haka na hau jirgi karon farko a rayuwata, ina tafe ƙwas-ƙwas, mutane suna matsa mini hanya. A Dakar, inda muka sauya jirgi, sai da aka sa na cire shi aka leƙa ciki, ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Daga Dakar ba abin da ke ƙarƙashinmu sai ruwa. Na manna goshi a taga ina kallo, tsoro da murna sun cakuɗe mini, ina karanta duk addu'ar da na iya. Da aka ce mun kusa sauka na gyara zama don in fara ganin korena. Gajimare ya yaye, tsibirin ya fito. Ja, baƙi, ruwan ƙasa. Tudu a kan tudu, kwazazzabai busassu, ba ko ɗan ganyen da akuya za ta yi wa wuya. Wallahi na ɗauka jirgin juyawa ya yi ya maido mu tuddan Keita, can Adar ɗinmu. Na taɓo wani ɗan Senegal da ke kusa da ni, na tambaye shi ko nan ne. Ya ce nan ne. Na ce ina koren? Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya dubi takalmina ya sake sabuwa.

Shi ne ya zama tafintana a wurin duwan, wato kwastan masu binciken kaya, don mutanen can ba Faransanci suke yi ba, suna da harshen Fotugal a makaranta da ofis, a gida kuma nasu da suke kira Kiriyol. Wata ma'aikaciya ta zaro fallen kilishi daga jakata ta ɗaga shi sama tana haskawa, ta tambaya ko fata ce ta yin takalmi. Da aka ce mata nama ne, ta ce doka ba ta bari nama ya shiga. Ko dai in bar shi nan, ko in cinye. Kilishin Madawa guda in bar shi a kwandon shara? Na shimfiɗa takardar a kan benci na ce bisimilla. Ɗan Senegal ya sa hannu, wasu mata biyu suka matso, mai tura kaya ya zo, mai shara ya zo. Yaji ya kama mai tura kayan yana tari yana ƙara miƙo hannu, ma'aikaciyar nan ta juya baya tana dariya. Kafin a jima ba abin da ya rage sai mai a jikin takarda. Ban shiga ƙasar da tsaraba ba, amma na shiga da abokai.

Makarantar ba a birni ta ajiye mu ba. Ta rarraba mu gidajen manoma a wani ƙauye can saman tsaunuka. Ƙaramar motar haya irin tamu ce ta kai ni, kiɗa na tashi, mata da kwanonin kifi a cinya, hanyar tana nannaɗewa a jikin dutse har na daina leƙen taga. Aka sauke ni ƙofar wata tsohuwa, Nya Biya. Nya ɗin kamar mu ce Inna ko Gwaggo ne. Gajeruwa ce kakkaura, ta ɗaure kai da farin kallabi, ta yi ɗamara da wani zane a ƙugu. Ta dubi takalmina, ta ɗaga kai ta dubi sama, rana tarwai, ta sake duban takalmin. Sai ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira. Kafin magariba ƙauyen duk ya zo kallo, kuma na samu suna: Bota, wato takalmin roba. Har na baro ƙasar ba wanda ya kira ni Isuhu.

Washegari malamarmu, wata doguwar mace mai saurin tafiya, ta tara mu, ni da wasu ɗalibai Turawa da wani ɗan Burazil, ta hau da mu tsauni. Sai a nan na lura da abin da ke jikin tsaunukan: layin duwatsu ne jere, wani bisa wani tun daga kwari har ƙoli, kowane layi yana riƙe da ƴar gona. Ta nuna wani wuri da ya rushe, ta ce darasin farko gyaransa za mu yi. Na tsaya riƙe da dutse a hannu ina tuna murmushin Mushe Abdu. Na ratsa ƙasashe, na tsallake teku, na zo ɗaukar dutse. Ranar na ji haushi ƙwarai, kuma a ranar ne dutse ya faɗo mini a yatsa ya cire sabon farcen.

Sahabi kuwa kullum sai ya turo hoto daga Faransa, yana tsaye ƙarƙashin itatuwa cikin rigar sanyinsa, ya ce in turo masa koren. Sai in tura masa teku. Inna ce kaɗai na gaya wa gaskiya a waya.

"Inna, dutsi na. Wallahi ya hi namu."

"Hmm. Kana hwaɗi don hankalina shi kwanta."

Na rantse, na sake rantsewa, ba ta yarda ba.

Sannu a hankali haushin ya fara sakina, kuma gaisuwarsu ce ta fara ba ni dariya. Duk wanda ka gamu da shi sai ya ce maka, "Tudu diretu?" Ma'anarsa wai komai lafiya. Ni kuwa da fari in an ce mini tudu sai in ce a raina ai na gani, ba sai kun faɗa mini ba. Gaisuwar ke nan gaba ɗaya, ba ina gajiya, ba ina gida, ba ina iyali. Amma abin da suka rage a baki suna cika shi da kumatu, don mace ko sa'ar kakarka ce sai ta sumbace ka dama da hagu. Ranar farko da Nya Biya ta kamo kaina na sandare kamar an kama ɓarawo.

Safiyar farko da na ji sakàn turmi ya tashe ni, na buɗe ido ina neman rufin ɗakin Inna. Masara suke surfawa, su dafa ta da wake har ta yi laushi, su kira ta kacupa, in ta kwana a soya ta da safe a ɗora ƙwai. Matsalar ita ce abin da ake jefawa a ciki, don bayan kowane gida akwai alade. Na ja Nya Biya na nuna mata nata, na girgiza kai, na kaɗa hannu. Ta gyaɗa kai alamar ta gane, ta je ta kwance shi ta ɗaure can nesa da ɗakina, wai tsoronsa nake ji. Sai da muka haɗa ɗan Faransancin da ta tsinta a Dakar tana budurwa da ɗan Kiriyol ɗin da na fara kamawa, sannan ta fahimta. Ta dafe kai. Ranar kasuwa ta sayo sabuwar tukunya, ta ce wannan ta Bota ce, kifi kawai za ta sani. In na shimfiɗa darduma zan yi salla, ita ke tsayawa tana korar kaji. Ran Lahadi in ta dawo coci sai ta ce ta sa ni a addu'a, ni ma in ce na sa ta.

Gidan babba ne, ɗakuna da yawa, amma mu biyu ne a ciki. Ƴaƴanta duk sun tafi, wasu Fotugal, wasu Holan, autan yana Amurka, a ɗakinsa nake kwana. Hotunansu ne jere a bango. Ashe su ma ƴan biɗa ne kamar mu, bambancin kawai mu mota ke ɗaukar namu, su jirgi. Suna aiko mata da kaya cikin manyan durom, tufafi da sabulu da takalman da ba ta sawa. Da la'asar takan zauna a dakali ta fuskanci inda teku yake. Duk lokacin da na gan ta haka sai kakata ta faɗo mini a rai.

Wata safiya na fito na tarar ƙauyen duk ya hau gonaki da fartanya, suna shuka masara a busasshiyar ƙasa, sama ba ko ɗigon gajimare. Ɗaya daga cikin Turawan ta tambayi malama ko ba asarar iri ba ce. Kafin malama ta amsa bakina ya riga ni: ai binne ne! Mu ma muna yi, a rufe iri a jira, ruwan farko ya tarar da shi a shirye. Nya Biya ta maimaita, "bini, bini," tana dariya. Malama ta ce in ba su labarin yadda muke noma a Adar. Na fara da kunya, na ƙare ina zana tassa a ƙasa da tsinke. Kafin azahar mun haƙa su a wani gefen gonar Nya Biya da ya daina ba da komai, tsofaffin ƙauyen sun kewaye mu suna gardamar zurfin ramin. Abin da na tsana tun ina yaro, ranar na ji ina alfahari da shi.

Daga nan sai jira. Jiran nasu irin namu ne sak, kowa ya fito da safe sai ya ɗaga kai, hira duk ta koma ta hadari. Ranar da ya zo, da rana tsaka ne, muna cin abinci. Iska ta juya, ƙamshin nan ya taso, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya gudu ɗaki. Yara da manya aka fito tsakar hanya ana ihu, mata suka zauna suka matse ƙullin tsumma tsakanin cinyoyi suna duka da tafin hannu, sauti na tashi kamar ganga. Ina neman takalmina, ga ranarsa ta zo, sai na hango shi a ƙafar Nya Biya. Ya kai mata har cinya, ta buɗe lemata, tana juyi a tsakiyar fili ana yi mata guɗa. Na yi dariya har na zauna cikin taɓo.

Ba a jima ba tsaunukan suka sauya. Masara ta fito, wake ya bi duwatsun ya rufe su, ruwa na zubowa daga ƙoli, ko ina kore shar har bakin teku. Ashe sunan bai yi ƙarya ba, haƙuri yake so. Na ɗauki hotuna na tura wa Sahabi har ya ce ya isa. Ana cikin haka malama ta kira ni ta ce akwai gurbin karatun gaba, in ina so in zarce kawai ba sai na koma gida ba. Na ji daɗi ƙwarai. Na sheƙa na gaya wa Nya Biya, ina jiran ta kamo kaina ta sumbata. Ta ce to, ta ci gaba da tsinkar wakenta.

A makon ne ƙanwata ta ari babbar waya ta kai Inna saman tudun gonarmu, inda rezon waya ke kamawa, don mu ga juna. Na manta ban zaɓi inda zan tsaya ba. Fuskar Inna ta fito, ta dube ni, ta dubi bayana, murmushinta ya ɗauke.

"To ga shi. Kac ce min dutsi na."

Nya Biya tana gefe, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma ta ga fuskar. Ta karɓe wayar daga hannuna, ta taka zuwa bakin gona, ta sa hannu ta yaye ganyen waken. Ga baƙaƙen duwatsu jere a ƙasa. Ta bubbuga su, ta yaye wani wurin, ta sake bubbugawa. Sannan ta juyo tafin hannunta ta kanga a wayar, duk kanta da faso. Inna ta ƙura wa hannun ido. Can sai ta ɗago nata tafin ta nuna. Tsofaffin nan biyu suka fashe da dariya, kowace tana magana da harshenta, ba mai jiran tafinta.

Sai Inna ta jawo bakin zanenta ta nuna ƙullin. Nya Biya ta tambaye ni mene ne, na yi mata bayani. Ta share ido da kallabi, ta ce da ta san wannan dabarar da ta yi wa nata tun na farin.

Da ƙanwata za ta karɓi wayar, hannunta ya juya, na ga abin da ke bayan Inna. Hatsi ya kai ƙirji, layin duwatsun da na jera da hannuna sun ɓace cikin ganye, tudun Allakaye gaba ɗaya kore. Shekara nawa ina cikinsa kowace damina, ban taɓa ganinsa haka ba, don kullum a duƙe nake ina noma. Kewar gida ta kama ni a wurin, irin wadda ban ji ba tun da na zo.

Nya Biya ta miƙo mini wayar ta ce, "Bota, karatu ba ya gudu. Je ka a kwance ƙullin nan tukuna." Na koma wurin malama na gaya mata. Ta ce ba komai, in na shirya baɗi gurbin yana nan.

Ranar da zan taso, masarar cikin tassa ta fi ta ko ina tsawo, tsofaffin da suka yi gardama kowa na cewa shi ya faɗi zurfin. Na bar wa Nya Biya takalmin da lemar. Ita kuma ta je jikin gonarta ta zaro baƙin dutse kamar dunƙulen hannu, mai ƙananan huji, ta ce in kai wa Inna. Ta kamo kaina dama da hagu, wannan karon ban sandare ba, kuka na yi.

A duwan ɗin Yamai ma'aikacin ya ciro dutsen yana jujjuyawa.

"Zinariya ce a ciki?"

"Dutse ne kawai."

"Kai ɗan ina ne?"

Na ce Buza. Ya kira abokan aikinsa su zo su ga ɗan Buza da ya shigo da dutse daga ƙasar waje. Har na fita ina jin dariyarsu.

Na iso gida ana cikin girbi. Baba ya tare ni a ƙofa, bayan gaisuwa ya tambaya ko na iske ɗan Adar can. Na ce ko ɗaya, amma na ba shi labarin Nya Biya da tukunyar kifi. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, yanzu muna da masauki can." Maƙwabta sun taru ganin tsaraba, na rarraba ɗan abin da na kawo, sannan na ciro dutsen na miƙa wa Inna. Gidan ya kaure da dariya, wata gwaggona tana tafa hannu tana cewa duwatsun Allakaye sun yi baƙo.

Inna ba ta yi dariya ba. Sai da aka watse ta zauna a tabarma, ta jawo bakin zanenta ta kwance ƙullin da haƙori. Tsakuwar ta yi sumul don shafawa. Ta ajiye ta kusa da baƙin dutsen tana kallonsu. Sai na gaya mata maganar karatun baɗi, na ce in ba ta so ba za ni ba.

Ta tashi ta ɗora baƙin dutsen a saman jeren kwanoninta, inda ba a ajiye komai sai abin daraja. Ta dawo ta kama hannuna ta sa mini tsakuwar.

"In ka koma, kai ma tsohuwar ga. Ta aiko min nata, in aika mata nawa."

"Inna, to da mi za ki riƙe ni?"

"Kai da kat tahi biɗar kore kak komo da dutsi? Ba ka ɓacewa. Tashi ka ci tuwo."